Wa Zai Ɗauki Takobi Bana? Awon Ƙarfi Daga Filin Guci Zuwa Filayen Amurka

Da zarar an gama yankan gero an ɗaure dammuna a ƙasar Guci da ke jihar Damagaram, hirar fada takan sauya salo. Maganar ruwan sama da tsadar taki ta ja baya, maganar kokowa ta shigo gaba. Tun ba a sanar da ranar buɗe gasar Takobi ba, an riga an fara rabon nasara a gindin butar shayi. Wannan ya ce Doso ba ta da na biyu, wancan ya ce Tawa ta yi sabon shiri, wani kuma ya rantse bana Damagaram ba za ta dawo hannu rabbana ba. Haka ake yi a Dungas, haka ake yi a Magarya da Washa da Bande. Dattijo ya kawo tarihin su Langa-Langa, saurayi ya fiddo waya ya nuna masa kayen da aka yi bara.

Irin wannan gardamar ce take cika gidajen rediyo da jaridun Amurka a watan Agusta, lokacin da ƙungiyoyin zari-rugar ƙasar ke shirin shiga sabuwar kakar gasar NFL. A can ma tun ba a taɓa ƙwallo ba ake jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya har ta ƙarshe, ana cewa wannan za ta kai, waccan ba za ta kai labari ba. Wasannin biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma ma'aunin da ake auna ƙarfi da shi kafin a shiga fili kusan ɗaya ne, kuma duk mai son ya san dalilin da ya sa wata jiha ke ɗaukar Takobi wata ke komawa gida da ƙura, zai ƙaru idan ya dubi yadda Amurkawa suke nasu lissafin.

Mutum 80, Takobi ɗaya

An fara gasar kokowa ta ƙasa a Nijar a shekarar 1975 a garin Tawa, zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar Takobin. Tun daga lokacin gasar ke zagaya manyan biranen ƙasar. A yau jihohi 8 ne ke karawa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha na zuwa da 'yan kokowa 10, jimilla mutum 80 ke nan.

Tsarin yana da sauƙin faɗi, yana da wuyar tsallakewa. Kowace jiha za ta haɗu da sauran jihohi 7 ɗaya bayan ɗaya, goma da goma. Wanda aka kayar ko da sau ɗaya ne, ya fita daga sahun masu neman Takobi, ko da kuwa shi ne mai riƙe da shi. Waɗanda suka kai ƙarshen zagayen bayansu bai taɓa ƙasa ba, su ne ke kece raini a tsakaninsu har a samu sarki. Shi ake miƙa wa Takobi, a naɗa masa rawani, a ba shi doki da miliyoyin sefa. Martabar abin ta kai har filayen kokowar da kansu sunayen tsoffin gwanaye suke ɗauke da su: na Damagaram sunan Langa-Langa, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani.

A Amurka kuwa ƙungiyoyi 32 ne, an raba su gida biyu, kowane gida da rukuni 4, kowane rukuni da ƙungiya 4. Ana fara kaka a watan Satumba, daidai lokacin da ake gasa tumu a gonakin Guci. Tun daga 2021 kowace ƙungiya wasa 17 take bugawa, sannan 14 su wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale, a rufe da wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu. Wasa 17 kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙwallon ƙafar Ingila mai wasa 38. Shi ya sa kowace rana take da nauyi, kamar dai yadda kowane kamu yake da nauyi a filin Takobi.

Gwani ɗaya ya isa?

Abu na farko da mai awo ke dubawa, a nan da can, shi ne babban gwani. A zari-ruga wannan shi ne madugun hari, mutumin da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ke karanta tsayuwar abokan hamayya cikin daƙiƙa biyu ko uku ya yanke shawarar inda zai jefa. Ƙungiyar da ta samu madugu nagari ta yi rabin aiki. Kansas City Chiefs ta zama abin tsoro ne saboda Patrick Mahomes, wanda ya kai ta ga cin Super Bowl a 2020, da 2023, da 2024. Kafin shi an yi Tom Brady, wanda ya ci kofin har sau 7.

A kokowar Nijar kuwa sunan da ya cika baki a 'yan shekarun nan shi ne Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso. Ya ɗauki Takobi a Yamai, ya sake ɗauka a Difa, sannan a ƙarshen Disambar 2023, a gasa ta 44 da aka yi a Agadas, ya kayar da Aibo Hasan na Maraɗi ya haɗa uku a jere, wanda shi ne Takobinsa na 6. A waɗannan shekarun duk lissafin da aka yi a fada da sunansa ake farawa, sauran jihohi kuma tambaya ɗaya ake yi musu: wa kuke da shi da zai iya kada shi?

Abin da Isaka Isaka ya yi, Chiefs ta nema ba ta samu ba. Babu ƙungiyar da ta taɓa cin Super Bowl uku a jere. A ranar 9 ga Fabrairun 2025, a birnin New Orleans, Chiefs ta shiga fili tana neman na uku, sai Philadelphia Eagles ta lallasa ta da ci 40 da 22. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an yi mata 24 da nema. Mahomes na nan da ƙwarewarsa, amma ƙattin da ke tsaye gabansa suna ba shi kariya sun kasa tare na Eagles, har aka kayar da shi sau 6 da ƙwallo a hannu. Ranar ta nuna wa masu lissafi cewa madugu ba ya wuce ƙarfin waɗanda ke kewaye da shi.

A kokowa mutum ɗaya ne ke ɗaukar Takobi, don haka da yawa suna zaton sauran taran rakiya kawai suka yi. Ba haka ba ne. Ɗan kokowar da aka kayar a ranar farko ba ya tattara kayansa ya koma gida. Yana nan yana shiga fili har ƙarshen zagaye, kuma duk wanda ya kayar daga wata jiha ya cire shi daga hanya ke nan. Sau da yawa wanda ba shi da sauran abin asara shi ya fi haɗari, don ya shigo ne da zuciya ɗaya. Jihar da ta zo da mutum 10 masu nauyi tana share wa gwaninta hanya kowace rana. Wadda ta zo da gwani ɗaya da 'yan cika lissafi tara kuwa, ta bar shi ya tarar da manyan abokan karawarsa duka a tsaye a ƙarshe. Mai son ya auna jiha da gaskiya, ya tambayi sunan mutum na bakwai da na takwas a jerinta.

Amurkawa sun daɗe da gane wannan. Ƙungiya takan shiga sansanin atisaye da 'yan wasa har 90, a tace su a ƙarshen Agusta a bar 53, alhali 11 kaɗai ke shiga fili a lokaci guda. Masu sharhi sukan ɓata lokaci mai yawa a kan na benci, domin sun san kafin kaka ta ƙare sai an neme su.

Abin da lissafi ba ya gani

Dalilin neman na benci shi ne rauni. A 2023 New York Jets ta ɗauko Aaron Rodgers, ɗaya daga cikin manyan madugai na zamaninsa, aka yi ta yi mata kirarin kofi tun kafin a fara. A wasan farko, ranar 11 ga Satumba, a yunƙurinsa na huɗu kacal, agararsa ta tsinke. Bai sake bugawa ba a kakar, ƙungiyar ta gama da nasara 7 da rashin nasara 10.

An kuma ga akasin haka. St. Louis Rams ta ci wasa 4 kawai a 1998. Ana gab da fara kakar 1999 madugunta Trent Green ya ji ciwo a gwiwa, kowa ya ce tata ta ƙare. Aka ɗauko wani Kurt Warner, wanda a baya har aikin jera kaya a kanti ya yi don ya samu na abinci. Da shi ƙungiyar ta ci wasa 13, ta je ta doke Tennessee Titans ta ɗauki kofi a Janairun 2000.

Duk wanda ya daɗe yana bin kokowa ya san irin wannan. Yatsa ɗaya da ya goce a wajen atisaye, ko gwiwa da ta kumbura, ko zazzaɓin cizon sauro da ya kama mutum a ƙarshen damina ya zubar masa da ƙarfi, ya isa ya rushe lissafin jiha guda. Bambancin shi ne ɗan wasan Amurka yana da likitoci da na'urorin ɗaukar hoton ƙashi da masu kula da abincinsa. Ɗan kokowar ƙauye sau da yawa mai ɗori ne gatansa, kuma yakan ɓoye ciwonsa don kada a cire sunansa.

Sai sabon jini. Kowace shekara NFL na tara fitattun matasa daga jami'o'i a birnin Indianapolis, a auna tsayinsu da nauyinsu, a gwada gudunsu da tsallensu, a ƙirga sau nawa za su ɗaga ƙarfe mai kilo 102. Duk da wannan bin diddigi, ido na kuskure. Tom Brady shi ne mutum na 199 da aka ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar 2000. Brock Purdy shi ne na ƙarshe ƙwal a zaɓen 2022, na 262, amma a Fabrairun 2024 shi ya jagoranci San Francisco 49ers zuwa Super Bowl. Idan masu kwamfuta da ma'auni na iya tsallake gwani, ina ga jihar da ke zaɓen 'yan kokowarta cikin 'yan kwanaki?

Akwai kuma maganar gida. A 2018 da aka yi gasar a Damagaram, Tasi'u Sani ya ɗauki Takobi a gaban jama'arsa, kuma waɗanda suka ga yadda garin ya rikice da murna ba za su yi musun cewa ihun 'yan gida na ƙara wa mutum ƙarfi ba. Sai dai bai kamata a kai abin nesa ba. Takubban Isaka Isaka uku na jere duk a garuruwan wasu ya ɗauke su. A Amurka ma an yi Super Bowl fiye da 50 kafin a samu ƙungiyar da ta ci kofin a filinta, wato Tampa Bay Buccaneers a 2021.

Inda hanya ta rabu

Babban bambanci tsakanin gasannin biyu yana wajen doka. Masu NFL sun lura tun da wuri cewa idan ƙungiya biyu ko uku ne ke ci kullum, 'yan kallo za su gaji. Sai suka gina tsarin da ke jan mai ƙarfi baya yana tura mai rauni gaba.

Tun 1936 ake yin zaɓen sabbin 'yan wasa bi da bi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa, zakara ita ce ta ƙarshe. A 1994 aka sa iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe kan albashi, lokacin dala miliyan 34.6 ne. A 2025 ya kai dala miliyan 279.2, amma har yanzu iyakar ɗaya ce ga kowa, mai kuɗi ba zai saye gwanaye duka ya tara ba. Kuɗin da gidajen talabijin ke biya, wanda yarjejeniyar 2021 ta kai sama da dala biliyan 100 cikin shekara 11, ana raba shi daidai-wa-daida tsakanin ƙungiyoyi 32. Har jadawalin wasanni an tsara shi yadda wadda ta zo ta ɗaya a rukuninta za ta haɗu da takwarorinta na ɗaya a kaka mai zuwa.

Sakamakon a bayyane yake. Green Bay gari ne mai mutum dubu ɗari da 'yan kai, ƙungiyarsa ta Packers mallakar magoya bayanta ce, amma ta ci Super Bowl 4 tana gogayya da manyan birane irin su New York da Chicago. Washington Commanders ta ci wasa 4 kacal a 2023, wannan ya ba ta damar zaɓa ta biyu, ta ɗauki matashi Jayden Daniels, a 2024 ta ci wasa 12 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Saboda haka mai goyon bayan ƙungiyar da ta zo ƙarshe bara yana da hujjar sa rai bana.

Kokowar Nijar ba ta da irin wannan birki. Sanannen abu ne cewa ɗan kokowa kan ɗaura wa wata jiha bante alhali a wata aka yanke masa cibiya, domin can ya samu mai riƙe shi: ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci da zai ba shi wurin kwana da abinci da abin sawa a aljihu. Ba a ga laifinsa ba, kokowa sana'a ce mai gajeren zango, kuma iyali na jiran abinci. Amma ƙauyen da ya rene shi tun yana kokowar dandali ba ya samun komai, jihar da ta rasa shi kuma ba a ba ta wata dama ta cike gurbinsa. Don haka idan ana auna jihohi kafin Takobi, rabin abin da ake aunawa shi ne wace jiha ce ta iya riƙe nata.

Rabon Guci a cikin lissafin

A kan takarda Damagaram bai kamata ta ji tsoron kowa ba. Ƙidayar 2012 ta nuna ita ce jihar da ta fi yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3 da rabi, kuma kudancinta, daga Magarya zuwa Dungas wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, na cikin yankunan da ƙauyuka suka fi cunkushewa. Tarihi ma yana bayanta: Langa-Langa, Balla Kado, Balla Haruna, Tasi'u Sani. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, daga dandalin ƙauye suka taso.

Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan dandalin bayan la'asar ya san inda ake ƙera su. Yara sun zauna a gaba sun yi da'ira, manya na tsaye a baya, makaɗi ya rataya ganga yana kiran sunan uban wani. Saurayi ya fito da walki, guraye a ƙugu, kambu a damtse, ya yi kirari ya zagaya fili. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu saboda santsin gumi. Su biyu su duƙa, kai kusa da kai, kowa na lallaɓen wuyan hannun ɗan'uwansa, wani lokaci minti biyu ba abin da ke motsi sai yatsu. Can sai ɗaya ya ji nauyin abokinsa ya koma ƙafa guda, ya saka tasa ta ciki, kafin a ƙifta ido ƙura ta tashi, mata sun rangaɗa guɗa. Mai ido a cikin dattawan wurin ya riga ya gane ko wannan ƙarfin noma ne kawai ko kuwa akwai dabara.

Daga wannan dandali zuwa filin Langa-Langa akwai tsani: a yi fice a ƙaramar hukuma, a yi a gunduma, a je zaɓen jiha inda ake fitar da goma, sannan a killace su na ɗan lokaci ana atisaye. Matsalar tana tsakanin matakan. Da yawa daga samarin yankin da zarar an kai amfanin gona rumbu sai su tsallaka Najeriya cin rani, ta Babura ko Maigatari zuwa Kano da gaba, daidai lokacin da ake zaɓen. Wanda ya tsaya kuma, shi zai nemi kuɗin mota da na abinci. Jikin da zai tsaya wa mutum 7 a jere yana son nama da madara da hutu na watanni, ba na mako biyu ba. Jihar da ta tuna da 'yan kokowarta a watan Nuwamba kaɗai tana girbin abin da ba ta yi wa noma ba, kuma rumbunta zai nuna.

Ba a buƙatar dala biliyan kafin a gyara wannan. Ana buƙatar a san samarin da sunayensu, ƙauye bayan ƙauye, kamar yadda ƙungiyoyin Amurka ke aika masu sa ido jami'a bayan jami'a. Ana buƙatar gasa mai tsayayyen lokaci tsakanin Guci da Malawa da Dogo-Dogo da Dungas, da tsakanin Magarya da Bande da Washa, yadda saurayi zai san ranar da zai nuna kansa tun kafin ya yanke shawarar tafiya cin rani. Ana buƙatar ma'aikacin lafiya a bakin fili, da tsoffin 'yan kokowa a matsayin masu horarwa ana biyansu haƙƙinsu. Hukumar kokowa ta ƙasa kuma ta duba dokar sauya jiha, yadda wadda ta reni ɗan kokowa za ta samu wani abu idan ya tashi.

Kira a nan ga magadan gari na Guci da maƙwabtanta, da sarakunan gargajiya, da 'yan kasuwar yankin mazauna Damagaram da Yamai da Kano: kyautar da kuke yi wa gwani ranar da ya ɗauki Takobi tana da kyau, amma ku rage wani abu daga cikinta ku kai dandalin ƙauye tun da kaka, ku ɗauki nauyin samari biyu ko uku har zuwa zaɓen jiha.